Gyalen da na ɗaure Malam da shi

Shekara biyu maigidana, Malam, ya yi a kwance da ciwon shanyewar ɓarin jiki kafin ranar da ya ce shi gida zai tafi. Da safe ya faɗa, ina ba shi koko a cokali, rabi yana shiga, rabi yana bin gefen bakin da ya karkace. Na ce, "Malam, nan ɗin ina ne in ba gida ba? Shekara arba'in fa." Ya ce nan wurin nema ne, kuma shi ya gama nema. Yana so ya ga yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tun da sauran numfashi a jikinsu su biyun.

Mu mutanen can arewa ne, inda sai mota ta wuni tana gudu kafin a hango garinmu. Mun sauka a Zuba tun kasuwar kayan marmari ba ta kai rabin yadda take yanzu ba. Da dako Malam ya fara, daga baya ya zama mai ɗaure lodi. In an cika babbar mota da lemo ko kankana ko ayaba, an ja tamfol, direba ba ya tayar da mota sai Malam ya zo ya sa igiya. Akwai wani ɗauri nasa: a zagaya sau biyu, a cusa bakin igiyar ƙarƙashin kanta, a ja. Duk yadda kaya ya yi nauyi ya ja ta, ƙara cizawa take yi. Ba ta kwancewa sai an tura kayan baya, igiyar ta yi sako-sako, sannan a zare. Ni ma ya koya mini, don itace da gawayi nake sayarwa a ƙofar gida. Da wannan ɗaurin na yi ta ɗaure damin itace shekara da shekaru, har hannuna ya zo yana yin sa ba tare da ya shawarce ni ba.

Likita ya ce Malam ba zai iya zaman mota na wuni guda ba, balle a hanyarmu mai ramuka. Malam ya ji, ya juya fuska bango, ya daina cin abinci sai an yi ta lallashi. Ana nan, ana nan, sai babban ɗanmu ya zo da labari. Shi direba ne a wurin wani injiniya, kuma kamfanin ogan nasa yana wani aiki kusa da babban birnin da ke gefen garinmu, suna ɗaukar hayar ƙaramin jirgi ya kai ma'aikata ya dawo da su. Yaron ya roƙi oga, oga ya ce akwai kujera biyu da ba kowa. Biyu kacal. Ni da Malam za mu shiga, ɗan ƙanin Malam ya tare mu a can da mota.

"Inna, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce," in ji ɗan namu. "Kafin ki gama jan carbi kun sauka."

Malam ya ce, "Tsohuwa za ta hau sama. Wadda ko kan katanga ba ta taɓa hawa ba."

Na ce, "Kai ɗin da ka hau kan lodi, ina ka kai?"

Ranar ce ya cinye tuwonsa tas.

Na yi tsammanin irin jirgin alhazai zan gani. Da yaron ya kai mu filin jirgi da hantsi, aka bi da mu ta wata ƙofar gefe, sai na ga abu kamar motar haya da aka liƙa wa fukafukai, da farfela biyu, ɗaya a kowane gefe. Ƙofarsa tana can baya ta hannun hagu, in an buɗe ta sai ta sauko ƙasa ta zama matakala. Ɗanmu da wani ma'aikaci suka ɗauki Malam daga keken guragu, ɗaya ta hammata, ɗaya ta ƙafafu, suka hau da shi a sunkuye. Na sa masa babbar rigarsa fara, wadda yake zuwa Idi da ita, don ya ce ba zai shiga garinsu kamar majinyaci ba. A ciki mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Kujera ɗaya a dama, ɗaya a hagu, 'yar siririyar hanya a tsakiya. Aka ajiye mu a kujerun ƙarshe, kusa da ƙofa, shi a hagu ni a dama. Bayan kujerarsa ba kowa, sai ɗan fili da aka tara jakunkuna.

Yaron ya durƙusa ya riƙe hannun ubansa mai lafiya. "Baba, a gaida Gwaggo."

"Tafi, kada oga ya neme ka."

Ya sauka. Mu wajen goma muka rage, har da matuƙa biyu, babba mai furfura da ƙarami wanda bai wuce sa'ar ɗana na uku ba. Ƙaramin ne ya ja ƙofa ya rufe, ya tsuguna a tsakiyar hanya ya fara bayani da Turanci. Ni ban yi boko ba, Malam ma haka. A kujerar da ke gabana akwai wani dattijo, shugaban magina na kamfanin, ɗan ƙasa ne daga wajen Sheda, Kirista, mai yawan dariya. Shi ya juyo ya zama bakinmu, da Hausarsa ta ɗan koyo wadda ba ta raba mace da namiji.

"Mama, ka ji abin da ya ce? Wannan bel na ɗaure ƙugu, ka ɗaga ƙarfen haka, ya buɗe. Yatsa ɗaya. Gwada."

Na gwada, ya buɗe. Na mayar, ya yi ƙas.

Matuƙin ya zaro wata 'yar riga ruwan ɗorawa daga ƙarƙashin kujera, ya zura a wuya. Dattijon ya ce in an faɗa ruwa ake sawa, a ja igiya ta kumbura. Malam ya ce, da bakinsa mai nauyi, "Tambaye shi, wane ruwa ne tsakanin nan da garinmu? Ko rijiyar gidan liman?" Dattijon ya fashe da dariya ya fassara, matuƙin ma ya murmusa. Ya nuna mana jar tukunyar kashe wuta a maƙale a bango. Ya nuna wata jaka mai hular da ake sawa in hayaƙi ya tashi. Ya ce akwai ɗan gatari bayan kujerar matuƙa, amma wannan nasu ne, ba na fasinja ba. Sannan ya je tsakiyar jirgin ta hannun dama, ya dafa wata taga mai jan mariƙi a sama. Ya ce in ƙofar baya ta ƙi, ko akwai wuta ta wajenta, wannan tagar ake ja ta ɓalle gaba ɗaya, a fita ta kan fiffike.

Na dubi tagar. Faɗinta bai fi faifai biyu ba. Na dubi Malam.

An ba kowa wata takarda mai tauri mai zane-zane. Karatu ban iya ba, amma zane na gani. Ga mutum yana jan mariƙi, ga shi ya zura ƙafa ɗaya, ga shi ya zura kai, ga shi a kan fiffike, ga shi yana gudu. Na juya bayanta, na sake juyowa. Duk mutanen cikin takardar nan ƙafafunsu biyu lafiyayyu ne. Ban ga ko ɗaya da aka ɗauko ba.

Kamar ya san abin da ke raina, matuƙin ya dawo wurinmu ya yi magana a hankali. Dattijon ya ce, "Ya ce idan wani abu ya faru, kai Mama ka fita tare da mutane. Kada ka tsaya. Baba nasa ne. Shi zai zo da kansa ya buɗe bel, ya ja shi zuwa taga." Matuƙin ya duba bel ɗin Malam, ya ƙara matse shi a ƙugu, ya ɗaga mana babban yatsa, ya wuce gaba.

To, sai aka yi ta jira. An tayar da farfela, jirgi yana rawa, amma bai motsa ba. Rawar nan ce ta fara zame Malam. Bel ƙugu kawai ya riƙe, daga ƙirji zuwa sama kuwa sai ya riƙa tafiya hagu, wajen ɓarin da ya mutu, har kansa ya dangana da taga, yawu ya fara sauka kan aikin wuyan rigarsa. A gida da matasai uku nake tokare shi. A nan ba ko ɗaya. Na miƙa hannu na jawo shi ya daidaita. Ya sake zamewa. Na jawo shi. Ya sake. Wani matashin ma'aikaci ya waiwayo, ya gan shi, ya yi sauri ya kau da kai. Na ga Malam ya ga wannan kau da kan. Mutumin da direbobi ke jira a tsaye, yau ana jin nauyin kallonsa.

Ban yi shawara da kowa ba. Hijabi ne a jikina, gyalena yana cikin jaka, sabo, mai santsi, na ajiye shi don shiga gari. Na ɗaga ƙarfen bel ɗina, na zaro gyalen, na murɗa shi ya zama kamar igiya. Babbar riga a buɗe take ta gefe da gefe. Na zura gyalen ta ɓarin dama, ƙarƙashin rigar, na bi da shi kan ƙirjinsa ta ƙasan hammata, na fitar ta ɓarin hagu. Na rarrafa bayan kujerar, na zagaya sau biyu, na cusa, na ja. Na jawo jakarmu na jingina a kan ƙullin. Na dawo gaba na gyara masa riga, na daidaita hula, na share bakin. Wanda duk ya dube shi zai ga dattijo ne zaune sosai cikin farar riga, ba abin da ke riƙe da shi sai bel irin na kowa. Abin da nake so ke nan. Ban so a ga an ɗaure shi.

"Kin mai da ni buhun lemo," in ji shi.

"Lemo ma ya fi ka zama wuri ɗaya."

Ya yi 'yar dariyarsa ta gefe guda. Na koma kujerata na ɗaura bel.

Jirgin ya fara tafiya a hankali, ya yi kwana, ya tsaya, sannan ya yi wani ruri ya zabura. Gudu yake, gudu yake, ciyawar gefen hanya ta zama zare ɗaya. Ina salati. Sai na ji ƙara daga hagu, kamar an fasa tulu a kan dutse, jirgin ya yi wata girgiza, aka taka birki. Irin birkin da ban taɓa ji ba. Kowa ya tafi gaba, goshina ya daki kujerar dattijon. Malam ma ya tafi gaba da dukan nauyinsa, gyalen ya tare shi, ya yi wani sauti daga maƙogwaro kamar an naushe shi. Muka yi ta ja da ƙasa, muka yi ta ja, har muka tsaya.

Sai wari, irin na tayar da aka ƙona. Ta tagar Malam na ga baƙin hayaƙi yana tuƙuƙi daga farfelar hagu, da jan harshe a cikinsa. Ta nan ƙofarmu take. Babban matuƙin ya daka tsawa daga gaba, dattijon ya miƙe ya kama jan mariƙin nan, ya fizgo, tagar ta ɓalle a hannunsa, ya wurga ta waje. "Oya! Oya! A fita!" Mutane suka fara zura ƙafa, suna bi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka zana a takarda. Kafin na uku ya fita, hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasa, ta ramukan iska, ta inda ban sani ba.

An ce in fita. Ban fita ba. Na buɗe bel na faɗa bayan kujerar Malam, na ture jakar, na lalubi ƙullin. Wayyo. Ƙullin da na yi kamar dunƙulen hannu ya koma kamar ƙwallon dabino, ƙarami, mai tauri, ba inda farce zai shiga. Birkin nan ya ja shi har ƙarshe. Na san maganinsa. Ni na fi kowa sanin maganinsa a cikin jirgin nan, in ban da wanda ke ɗaure. A tura shi baya, a danna ƙirjinsa cikin kujera, gyalen ya saki, in zare. Amma ba zan iya zama a baya ina zarewa kuma ina gaba ina turawa ba.

Sai ga ƙaramin matuƙin yana tahowa a sunkuye, ya sa hular hayaƙin nan ta rufe masa kai duka, sai gilashi a fuska. Ya cika alkawari, ya zo da kansa. Ya ɗaga ƙarfen bel da yatsa ɗaya, ya buɗe. Ya zura hannuwa ƙarƙashin hammatar Malam, ya ja.

Bai taso ba.

Ya duba ƙugu, ya ga bel a buɗe. Ya duba ƙafafu ko sun maƙale. Bai ga komai ba, farar riga ce kawai. Ya gyara tsayuwa ya sake ja da ƙarfi. Ina bayan kujerar ina jin gyalen yana ƙara tsukewa a ƙarƙashin yatsuna. Na buɗe baki in ce tura shi, kada ka ja, sai hayaƙi ya cika mini maƙogwaro, tari ya sarƙe ni. Na daki bayan kujerar, na daki hannunsa. Ya ɗauka tsoro ne, ya nuna mini taga da kai. Ko da muryar ta fita, ba ya jin Hausa, kuma kansa yana cikin hula. Ya sa ƙafa ya tokare gindin kujerar, ya ja karo na uku da iyakar ƙarfinsa na saurayi. Na ji abu ya yi ƙas a ƙirjin Malam. Ba irin ƙas ɗin bel ba.

Na kai baki na kama ƙullin da haƙora. 'Yan haƙoran da suka rage mini. Yadin yana santsi, yana zamewa. Farcena biyu sun ɓalle, ban ji ba sai daga baya. Idona ya daina gani. Sai na ji an cafke ni ta ƙugu an ɗaga. Dattijon ne, bai fita ba, ya dawo domina.

"Mama, fita! Fita! Za ka mutu!"

Na riƙe ƙafar kujerar, ya ɓamɓare yatsuna. Ya ja ni a kan hanyar nan ina shure-shure, ya cusa kaina ta taga, wani a waje ya kama hannuwana. Hijabina ya maƙale ya yage. Na zame a kan fiffike, na faɗi ƙasa a kan gwiwa. Iska ta shiga ƙirjina kamar an watsa mini ruwan sanyi, na yi tari, na yi tari, sannan murya ta dawo.

"A ɗaure yake! A ɗaure yake!"

Dattijon yana kan fiffike, ƙafa ɗaya a waje. Ya waiwayo. "Wa ya ɗaure shi?"

"Ni!"

"Da me? A ina?"

"Gyale! Bayan kujera! Ƙarƙashin riga!"

Ya dube ni, kallo ɗaya. Ya mayar da kansa cikin hayaƙin ya yi ta ihu da Turanci.

Daga nan ba abin da ya rage a hannuna. Wasu maza biyu suka ja ni nesa, cikin ciyawa, suka riƙe ni ta kafaɗa don ina ta neman komawa. Motocin kashe gobara suka iso suna jiniya, suka fara feshin wani farin kumfa ta ɓangaren hagu. Ni ba na kallon su. Ramin tagar nan nake kallo, hayaƙi yana fita ta cikinsa a hankali, kamar daga madafa. Na ƙirga waɗanda ke tsaye a ciyawa. Kowa ya fito. Saura matuƙa biyu da Malam. Na yi Inna lillahi, na yi Hasbunallahu, na rasa wadda zan yi, sai na koma kiran sunan Allah kawai. Wani yana ce mini, "Sori, Mama, sori." Ban san tsawon lokacin ba. An ce bai kai minti biyu ba. Wanda ya faɗa yana da agogo, ni ba ni da shi.

Sai kan Malam ya leƙo. Ba hula, furfura ta yi baƙi. Aka zuro shi ta tagar a kwance, kai a gaba, dattijon ya karɓa, 'yan kwana-kwana biyu suka hau suka tallafa. Hannunsa mai ciwo yana reto. Farar rigar ta zama ruwan toka, guntun gyalena yana lilo daga gefenta. Suka sauke shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Na kufce na isa wurin. Idonsa a rufe, amma ƙirjin yana motsi, kaɗan-kaɗan, da sauri, kamar na tsuntsu.

Daga baya dattijon ya ba ni labari. Babban matuƙin ne ya ɗauko gatarin nan ya rarrafo. Ya sara, yadin ya nutse cikin katifar kujera bai yanke ba. Ya sake sara, haka. Sai da ya lalubo inda gyalen ya hau kan ƙarfen bayan kujerar, ya goga bakin gatarin a kai kamar mai yanka da wuƙa, sannan ya tsinke.

A asibiti aka ce haƙarƙari biyu sun karye, kuma hayaƙi ya shiga huhu. Aka sa masa robar iska a hanci. Ɗanmu ya iso a guje, ya ga ubansa, ya ga yatsuna a naɗe, ya tambayi abin da ya faru. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kansa. Har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Kwana biyu bayan haka wasu maza biyu suka zo da takardu, masu binciken abin da ya sami jirgin. Ɗaya yana jin Hausa. Ya fito da guntun gyalena a cikin farar leda, ƙullin yana nan yadda yake. Ya ce ba laifi suke nema ba, so suke su sani don gaba. Wa ya ɗaura wannan, kuma me ya sa ba a gaya wa matuƙi ba? Na buɗe baki, sai Malam ya ɗaga hannunsa mai lafiya daga kan gado.

"Ni na ce ta ɗaure," in ji shi, kalma ɗaya-ɗaya, yana hutawa a tsakani. "Ni na ce ta rufe. Mace ce. Umarni ta bi."

Mutumin ya rubuta. Na ce, "Malam," ya ce, "Yi shiru, tsohuwa." Shekara arba'in da wani abu ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ko a ciniki. Ranar ya yi, a kan gadon asibiti, kuma aka rubuta ta a takarda.

Ƙaramin matuƙin ma ya zo, tare da dattijon, da ledar ayaba a hannu. Ba hula, ba kayan aiki, sai na ga ashe yaro ne ƙwarai. Ya tsaya a ƙarshen gado yana magana, idonsa ya kawo ruwa. Dattijon ya ce, "Ya ce shi ya karya Baba. Ya ce da ya leƙa bayan kujera tun ja na farko." Na ce a gaya masa ya zo lokacin da ya ce zai zo, kuma ya shiga inda kowa ke fita, Allah ya saka masa. Abin da ban iya cewa ba shi ne, ni na ɓoye gyalen a ƙarƙashin riga don kada kowa ya gani.

Dattijon ya so ya sauƙaƙa zaman. Ya ce, "Baba, kai ka koya wa Mama wannan ɗauri? Kai! Ka zo ka koya wa yarana a wurin aiki, kullum katako yana zubewa daga mota."

Malam ya fara dariya, dariyar ta taɓa haƙarƙarin, fuskarsa ta yamutse, ya kama zanen gado. Dattijon ya ce, "Sori, Baba, sori, na yi shiru." Ba su daɗe ba suka tafi.

Abin da ya biyo baya tari ne. Nas ta ce dole ya riƙa tari don baƙin abin da ke ƙirjin ya fito. Shi kuwa in ya yi tari sai haƙarƙarin ya soke shi, sai ya riƙe. Nas ta koya mini in danna matashi a gefensa lokacin da zai yi. Na danna, ya gwada, ya kasa. Na ɗaga shi, na kwantar, na juya shi, na shafa masa baya, na ba shi ruwan ɗumi a cokali. Duk abin da aka ce in yi na yi. Zazzaɓi ya shigo a kwana na shida. Aka canja allura, aka sake canjawa. Ɗanmu ya kira can gida a waya, aka kai wa yayar Malam, aka kara masa a kunne. Ita kunnenta ya yi nauyi, shi muryarsa ba ta fita. Ina ji tana ta cewa, "Kun taso? Na ce kun taso?" Shi yana motsa leɓe. Haka suka yi har kuɗin wayar ya ƙare.

Ya rasu ranar kwana na goma sha uku, da hantsi, ina goge masa fuska da tsumma mai ruwa. Aka binne shi a nan, abokan aikinsa na kasuwa suka ɗauki makara.

Bayan an yi bakwai na ce wa ɗana ya mayar da ni wurin likitan da ya duba Malam a asibitin. Ya ce me za ki yi, na ce kai dai kai ni. Muka zauna a benci tun safe har aka kira mu. Likitan ya gane ni, ya yi mini gaisuwa. Na ce, "Likita, tambaya ɗaya na zo yi. Hayaƙin ne, ko haƙarƙarin?"

Ya ce, "Mama, jikinsa dama ya gaji. Mai irin ciwonsa ko a gida yake, ciwon huhu yana iya kama shi."

Na ce, "Na ji. Amma da ya taso tun ja na farko, ya fita tare da mutane, da yanzu yana nan?"

Likitan ya dubi ɗana. Ɗana ya dubi ƙasa. Likitan ya juya biro a hannunsa, ya ce wannan ba wanda zai iya sani sai Allah, kuma kada in sa wa kaina damuwa, hawan jinina ma ya kamata a duba. Ya jawo abin awo ya naɗa mini a dantse. Na bar shi ya auna. Ya rubuta magani ya miƙa wa yaron.

Na ce, "Likita, ba ka ce a'a ba."

"Inna, ya isa," in ji ɗana. "Akwai mutane a layi."

Ya kama hannuna ya tashe ni. Kafin mu kai ƙofa nas ta riga ta kira na gaba, wata mata mai goyo ta matsa gefe ta ba mu hanya muka wuce.